Hawan jinin ido: Alaƙar cutar glakoma da gudanar jini da iskar oksijin

Cutar glakoma, wadda Hausawa suka fi sani da hawan jinin ido, cuta ce da ke cinye jijiyar gani sannu a hankali har ta kai mutum ga makantar da ba ta da magani. Ta sha bamban da yanar ido, wadda ake cirewa ta hanyar tiyata gani ya dawo. Duk abin da glakoma ta riga ta cinye ya tafi ke nan, aikin likita shi ne ceto abin da ya saura.

Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, wanda ya duba idanun mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa yanar ido ce ke haddasa kashi 43 cikin 100 na makanta, glakoma kuma na bi mata da kashi 16.7. Bayanan da Dokta Fatima Kyari da abokan aikinta suka wallafa a 2015 daga wannan bincike sun nuna cewa kimanin mutum 5 cikin kowane 100 na masu waɗannan shekaru suna da cutar. Daga cikinsu, ƙasa da kashi 6 cikin 100 ne suka san suna da ita, kuma ɗaya cikin kowane biyar ya riga ya makance.

A birni kamar Kano, inda maɗinki da mai surfani da baduku da ɗan kasuwar Kurmi da ma'aikacin ofis duk da idonsu suke ci, makantar maigida na nufin tsayawar abincin gida gaba ɗaya.

Sunan da ke rikita mutane

Sunan hawan jinin ido ya sa wasu na zaton jini ne ke taruwa a cikin ido, wasu kuma na ɗauka cewa muddin awon jininsu na hannu ya fito daidai, to idonsu lafiya lau. Duk biyun kuskure ne.

Abin da ke hawa a cikin ido wani ruwa ne garai-garai da idon ke samarwa dare da rana domin ciyar da sassan gabansa waɗanda ba su da hanyoyin jini. Ba shi ne hawaye ba, a can ciki yake. Idan ya gama zagayawa sai ya fice ta wata matata da ke kewaye da baƙin ido, ya koma cikin jini. Idan matatar ta fara toshewa, kamar yadda kwatar gida ke cikewa da yashi, ruwan ba ya daina zuwa, sai matsi ya ƙaru a cikin ƙwayar ido. Ana auna wannan matsi da irin ma'aunin da ake auna hawan jini, kuma a wajen yawancin masu lafiya yakan tsaya ne tsakanin 10 da 21.

Sai dai sunan bai rasa ƙamshin gaskiya ba. Jijiyar gani da jini take rayuwa, kuma ko jinin zai ishe ta ko ba zai ishe ta ba ya dogara ne a kan matsin jinin jiki da matsin ido a tare.

Yadda ido ke samun jini da iska

A can bayan ido akwai wani tantani mai karɓar haske. Daga cikinsa ne zarurruka kimanin miliyan 1.2 suke haɗuwa su zama jijiyar gani, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Dukkansu ta ƙofa ɗaya suke fita, wadda faɗinta bai kai milimita 2 ba, wato bai fi ƙwayar gero ba. A bakin ƙofar akwai wani faifai mai ƙananan huji kamar rariya, zarurrukan na ratsawa ta hujojinsa. A nan ne glakoma ke yin ɓarnarta.

Tantanin gani na daga cikin sassan jiki da suka fi cin iskar oksijin idan aka yi la'akari da ƙanƙantarsa. Zarurrukan jijiyar ma, kafin su ratsa rariyar, ba su da kuben kitsen da ke sauƙaƙa tafiyar saƙo, saboda haka suna buƙatar kuzari fiye da yadda suke buƙata bayan sun wuce. Ba su da rumbun ajiye iska. Abin da jini ya kawo a wannan daƙiƙa shi suke amfani da shi.

Jinin yana tasowa ne daga babbar hanyar jini ta wuya, ya rabu zuwa reshen da ke zuwa ido. Reshe ɗaya na bi ta tsakiyar jijiyar gani ya bazu a kan tantanin. Wasu ƙananan rassa kuma suna huda farin ido ta baya, su ciyar da shimfiɗar da ke ƙarƙashin tantanin da kuma bakin jijiyar gani. Waɗannan ƙananan rassa su ne rariyar ta dogara da su.

Hanyoyin jinin ido suna da dabarar daidaita kansu. Idan matsin jini ya yi ƙasa sai su buɗe, idan ya yi sama su tsuke, domin adadin da ke isa jijiyar ya zauna daidai. Amma wannan dabara tana da iyaka, kuma tsufa da ciwon suga da hawan jinin da ya daɗe ba a kula da shi ba suna sa hanyoyin su ƙandare, su kasa buɗewa a lokacin da ake buƙata.

Takaddamar matsi biyu

Ido rufaffen abu ne. Kafin jini ya shiga cikinsa sai ya rinjayi matsin da ke ciki, kamar yadda ruwan famfo ba ya hawa bene sai ƙarfinsa ya rinjayi tsayin ginin. Bambancin da ke tsakanin matsin jini da matsin ido shi ne ƙarfin da ke tura jini zuwa jijiyar gani.

Hanya mafi sauƙi ta lissafa shi ita ce a ɗauki lambar ƙasa ta awon jini, a debe matsin ido. Wanda awon jininsa ya nuna 120 bisa 80, matsin idonsa kuma 15, yana da rarar 65. Idan matsin idon ya hau zuwa 30, rarar ta koma 50. Idan kuma lambar ƙasan ta sauka zuwa 60 alhali idon na kan 30, abin da ya rage 30 ne kacal.

Wannan lissafi ya nuna cewa jijiyar gani na iya shiga ƙunci ta fuska biyu: ko matsin ido ya hau, ko matsin jini ya faɗi. Hawan matsin ido yana yin illa iri biyu a lokaci guda, domin yana danne zarurrukan a kan rariyar, yana kuma matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Akwai kuma masanan da ke ganin cewa hawa da saukar jinin, yau ƙamfa gobe yalwa, ya fi ƙarancin da ya zauna wuri ɗaya illa, saboda duk lokacin da iska ta dawo bayan yankewa akan sami wasu sinadarai masu ƙona ƙwayoyin halitta.

Abin da bincike ya gano

Tun a 1857 likitan idon nan na Jamus, Albrecht von Graefe, ya bayyana marasa lafiyar da bakin jijiyar ganinsu ya rarake irin na masu glakoma alhali idonsu bai yi tauri ba. Daga nan aka fara tambayar ko akwai wani abu bayan matsi.

Binciken ido na birnin Baltimore a Amurka ya gano cewa glakoma ta fi yawa a tsakanin baƙaƙen fata da ninki huɗu zuwa biyar idan aka kwatanta da fararen fata. Bayanan da aka wallafa daga gare shi a 1995 sun nuna cewa waɗanda rararsu ta yi ƙasa da 30 sun ninka waɗanda tasu ta kai 50 haɗarin cutar har sau shida. A tsibirin Barbados, inda mafi yawan jama'a 'yan asalin Afirka ta Yamma ne, an bi diddigin dubban mutane tsawon shekara tara, aka ga cewa masu ƙarancin wannan rara sun fi kamuwa. A garin Tajimi na ƙasar Japan kuwa, kashi 92 cikin 100 na masu nau'in glakoma da ya fi yawa matsin idonsu bai wuce 21 ba a lokacin da aka auna.

Binciken Najeriya ma ya ga alaƙa tsakanin ƙarancin rarar da cutar, amma da aka tace alƙaluman, yawan shekaru da hawan matsin ido ne suka fito fili a matsayin manyan dalilai.

Har yanzu masana na muhawara a kan abu biyu. Na farko, matsin ido yana cikin lissafin rarar, don haka yana da wuya a raba tasirin jini da nasa. Na biyu, jijiyar da ta riga ta lalace ba ta buƙatar jini da yawa, saboda haka raguwar jinin da na'ura ke nunawa a idon mai glakoma na iya zama sanadi, yana kuma iya zama sakamako. Abin da aka fi yarda da shi shi ne, matsi da jini suna aiki ne tare, kuma jijiyar da jini bai wadata ba tana iya lalacewa a kan matsin da wata za ta jure.

Abin da ke faruwa cikin dare

A lokacin barci matsin jini yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, matsin ido kuma yakan ɗan hau saboda kwanciya. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Amma Farfesa Sohan Singh Hayreh na Jami'ar Iowa da abokan aikinsa sun nuna a 1994 cewa faɗuwar jini fiye da kima cikin dare tana da alaƙa da ci gaban lalacewar jijiyar gani, kuma an fi ganin hakan a wajen masu shan maganin hawan jini.

Wannan ba dalili ba ne na barin maganin hawan jini, domin barinsa na jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda, yana kuma lalata hanyoyin jinin idon kansa. Abin da ake buƙata shi ne likitan da ke kula da hawan jinin ya san majinyacinsa yana da glakoma, likitan ido ma ya san magungunan da yake sha da lokacin shansu. Wani babban bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2022, mai mutum sama da 21,000, bai ga bambanci ba wajen kare zuciya tsakanin shan maganin da safe da shansa da dare, don haka likita na da damar zaɓen lokacin da ya dace da idon.

Masu minshari mai ƙarfi waɗanda numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci su ma sun fi sauran mutane samun glakoma, kasancewar iskar jininsu na sauka sau da yawa a dare ɗaya. Haka nan likitan ido yakan tambayi majinyaci ko yana fama da ciwon kai na ɓari guda, ko yawan sanyin hannu da ƙafa, ko ya taɓa zubar da jini mai yawa a haihuwa ko haɗari ko tiyata.

Idan rashin iska ne ya haifar da cutar

Akwai nau'in glakoma da babu gardama cewa rashin iska ne tushensa. Idan ciwon suga ya lalata ƙananan hanyoyin jinin tantanin gani, ko babbar hanyar da ke fitar da jini daga ido ta toshe, tantanin yakan saki wani sinadari da ke umartar jiki ya tsiro da sababbin hanyoyin jini. Waɗannan sababbin hanyoyi sukan tsiro a kan baƙin ido, su rufe matatar ruwa, matsi ya hau ƙwarai tare da zafi da ja. Bayan toshewar babbar hanyar, hakan kan faru ne cikin kimanin wata uku. Ana iya tare shi da hasken leza da allurar ido idan an je da wuri, shi ya sa ake son mai ciwon suga ya kai idonsa a duba duk shekara ko da yana gani sarai.

Sikila ma ta shafi wannan batu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS. Idan mai AS ko SS ya bugu a ido har jini ya taru a gabansa, ƙwayoyin jinin sukan lanƙwashe su toshe matatar, kuma jijiyar ganinsa na iya lalacewa a kan matsin da bai yi tsanani ba. Wajibi ne a shaida wa likita rukunin jinin tun da farko, domin akwai maganin rage matsin ido da ke ƙara lanƙwasa ƙwayoyin.

Akwai kuma nau'in da matatar ke rufewa farat ɗaya, da tsananin ciwon ido da na kai da amai da ganin bakan gizo kewaye da fitila. Matsin na iya ninka na ƙa'ida sau uku ko fiye. Wannan ba ya jiran wayewar gari.

Maganin da aka tabbatar

Duk da muhimmancin jini da iska, abu ɗaya ne aka tabbatar yana rage saurin cutar, wato sauke matsin ido, ko da maganin ɗigawa, ko da leza, ko da tiyata. Binciken da aka wallafa a 1998 a kan masu glakomar da matsin idonsu bai wuce ƙa'ida ba ya nuna cewa rage shi da kashi 30 cikin 100 yana jinkirta lalacewar. Wani binciken na ƙasar Suwidin ya gano cewa duk lamba ɗaya da aka rage tana rage haɗarin ci gaban cutar da kusan kashi 10 cikin 100. Idan aka koma ga lissafin da ya gabata, sauke matsin ido shi kansa buɗe wa jini hanya ne.

Babu ƙwaya ko tsimi ko ƙarin abinci da aka tabbatar yana warkar da glakoma ta hanyar wanke jijiya ko ƙara wa ido iska, komai daɗin bakin mai talla da lasifika. Kuɗin da ake kashewa a kansu sun fi amfani a wajen sayen maganin ɗigawa na wata mai zuwa.

Akwai abubuwan da ke ƙara dagula lamarin. Magungunan ɗigawa masu ɗauke da dexamethasone ko betamethasone, waɗanda ake saye a kemis saboda ƙaiƙayi da jan ido musamman a lokacin hunturu, suna ɗaga matsin idon wasu mutane idan an daɗe ana amfani da su, har da yara. Kwantar da yanar ido da tsinke a gargajiyance kuwa, binciken ƙasa ya same shi a kan gaba cikin abubuwan da ke jawo glakomar da ke biyo bayan wata matsalar ido. Taba sigari na lalata hanyoyin jini a ko'ina cikin jiki. Shi kansa maganin timolol da aka fi rubuta wa masu glakoma yana iya rage bugun zuciya ya kuma tayar da asma, don haka ya kamata mai ɗayan waɗannan ya faɗa wa likita.

Lokacin azumi

Mutane da dama sukan dakatar da maganin ɗigawa a watan Ramadan saboda ɗacin da ke sauka maƙogwaro. Wata guda babu magani na iya cinye ganin da ba zai dawo ba. Mafi yawan magungunan glakoma sau ɗaya ko sau biyu ake ɗiga su a yini, saboda haka likita na iya tsara su a kan sahur da bayan buɗa-baki. Rufe ido tare da danne lungunsa na kusa da hanci na tsawon minti biyu bayan ɗigawa yana hana maganin gangarawa maƙogwaro, yana kuma rage shigarsa cikin jini. Kwankwaɗar ruwa mai yawa a tashi ɗaya, kamar lita guda cikin 'yan mintoci, yana ɗaga matsin ido na ɗan lokaci, don haka ya fi kyau mai glakoma ya riƙa sha kaɗan-kaɗan tsakanin magariba da asuba.

Wa ya kamata ya yi gwaji, kuma a ina?

Nau'in glakoma da ya fi yawa a Najeriya ba ya ciwo, ba ya sa ido ja. Daga gefe yake fara cin gani, ɗaya idon kuma yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Mutum na iya karanta saƙon waya, ya ƙirga kuɗi, ya zura zare a allura, amma ya kasa ganin babur ɗin da ya ɓullo daga lungu, ko ya riƙa tuntuɓe da dokin ƙofar zaure. Kafin a kai wannan mataki an riga an yi asarar zarurruka masu yawa.

Saboda haka gwajin tabarau ko karanta haruffan allo bai wadatar ba, awon matsin ido kaɗai ma bai wadatar ba. Cikakken gwaji ya haɗa da auna matsi, da leƙa bakin jijiyar gani, da gwada faɗin gani da na'ura, da duba matatar ruwa. Ana son duk wanda ya kai shekara 40 ya yi shi a kai a kai, duk shekara ɗaya ko biyu. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko wanda suke ciki ɗaya ke da cutar ya fara tun kafin nan, haka ma mai ciwon suga, da mai hawan jini, da wanda ya taɓa buguwa a ido.

Mazauna cikin birnin Kano suna da sashen ido na Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke kusa da Ƙofar Mata. A wajen ganuwa akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, da Asibitin Ido na ECWA da aka kafa tun 1943, da Asibitin Ido na Makka. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. A watan Maris na kowace shekara ake gudanar da Makon Glakoma na Duniya domin jan hankalin jama'a zuwa gwaji.

Mai zuwa ganin likitan ido ya tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha da waɗanda yake ɗigawa, da awon jininsa na baya-bayan nan, da sakamakon gwajin suga idan yana da shi. Wanda kuma aka tabbatar masa da cutar, akwai haƙƙin 'yan'uwansa da 'ya'yansa a kansa na ya sanar da su domin su ma a duba su, tun ganinsu na nan.